Bawul na Uku a Tafkin Babanmu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na rantse ba zan manta ba, amma safiyar da babanmu ya buɗe ruwa da ɗan yatsa guda tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a binne ni.

Ƙauyenmu yana gefen Suki, ba nisa da kogi. Baba ya yi rayuwarsa yana aikin gafir, wato mai kula da ruwan noma. Shi ke buɗe ƙofofin tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonaki, shi ke rufe su. Mutum ne da bai iya zama ba, ko shayi a tsaye yake sha. Sai ga shi da tsufa ya zo hawan jini ya kayar da shi, ɓarin damansa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ƙafar ba ta mutu ba, amma in ba a riƙa motsa ta ba za ta sandare, in kuwa ta sandare Baba da tsayuwa sai a lahira. Ya ce motsa jiki cikin ruwa mai ɗumi shi ya fi, don ruwa yana ɗauke wa mutum nauyin jikinsa.

Yayana ya daɗe a Jidda yana gyaran tafkunan ninkaya a gidajen masu hali. Da labari ya kai masa, sai ya tattaro ya dawo gida da kaya niƙi-niƙi: famfo, da matatar ruwa, da wani akwati mai ruwan toka mai sarrafa kayan tafki, wanda maigidansa ya sauya da sabo ya bar masa. Ya haƙa rami a bayan gida, ya shafe shi da siminti, zurfinsa iya ƙirji, ya kafa ƙarfen riƙewa a gefe. Ruwan daga rijiyarmu yake, sola ke jawo shi. Ni dai bakina ba ya shiru, kullum sai na tsokane shi. Na ce, "Yaya, ga kogi can Allah ya ba mu kyauta, kai ka zo ka gina muna ɗan autansa?" Amma ranar da na ga akwatin nan ya tayar da famfo da kansa, ya kuma tura ruwa cikin baƙaƙen bututu a kan rufi don rana ta ɗumama shi, ba wanda ya taɓa komai, sai bakin nawa ya mutu. Rabin gari ya zo kallo.

Mutum ɗaya ne kawai bai yi murna ba, shi ne wanda aka yi dominsa. Baba ya ƙi shiga. In aka ɗauko shi zuwa bakin tafkin sai ya damƙe gadonsa da hannun hagu, ya kau da kai wajen katanga. Muka ce kunya ce, muka kafa labule. Muka ce tsoro ne, Yaya ya shiga ya tsaya ya nuna masa ba zurfi. Duk a banza. Ni ke shafa masa mai a ƙafar kullum, ina ji a hannuna tana ƙara tauri kamar itace. Tsoro ya kama ni sosai, ni kuwa tsorona da faɗa yake fita. Wata rana na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baba, mi kaka so mu yi? Ɗanka ya baro aikinai ya zo, kai ko kallon ruwan ba ka yi!"

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Sannan ya ɗaga hannu ya nuna katanga, ya ce, "Ta ƙarshe... ba ta sha ba."

Ban gane ba, Yaya ma bai gane ba. Inna ce ta ajiye tsintsiya ta zo ta leƙa ta inda katangar ta tsage. A bayan gidanmu akwai wata tsohuwa da duk muke kira Kaka, tana riƙon jikokinta da ɗan lambun kuɓewa da lalo. Lambunta shi ne na ƙarshe a kan 'yar magudanar unguwarmu, kuma lokacin tsakiyar zafi ne, ruwa ya ja baya, ba ya kaiwa gare ta. Ganyen duk ya yi laushi ya kwanta. Ashe shi Baba yake kallo kullum.

Inna ta juyo ta ce, "Ku yaran ga ba ku san ubanku ba. Tun da anka kawo ni gidan ga, ran da duk ya buɗe tur'a ba ya zuba ma jikinai ruwa sai ya taka har gona ta ƙarshe ya gani da idonai ruwa ya isa. Yanzu ku ce ya shiga ruwa har ƙirji, ta ƙarshe tana ƙonewa bayan katanga?"

Ni da gaggawata na ɗauki jarkoki na yi ta jigila zuwa lambun har bayana ya riƙe. Na dawo ina haki ina jiran yabo, Baba ya girgiza kai. Inna ta ce, "Wanga sadaka ce, ɗiyata. Gobe in kin gaji fa? Shi rabonta shika so a yanka mata, wanda ba ya jiran ganin damar kowa." Na ce to a sakar mata ruwan tafkin mana. Yaya ya ce maganin tsabtace ruwa da ake zubawa a ciki zai ƙone kuɓewar. Ya tsaya gaban akwatinsa ya duba wayoyinsa, can ya ce, "Kalas, shi ke nan, na gane. Balaf na uku muka so."

Balaf shi ne bawul a bakin mutanenmu, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya a bututu ko ya rufe ta. Matsalar ita ce akwatin bawul biyu kawai yake iya sarrafawa, kuma duk an kama su: ɗaya na wanke matata, ɗaya na bututun rufi. Yaya ya hau mota zuwa birnin Madani, ya dawo da wani ɗan allo mai wayoyi da bai wuce tafin hannu ba, da bawul mai baki uku da ƙaramin inji a kansa. Ya yanka bututun rijiya ya dasa bawul ɗin a tsakiya, baki ɗaya zuwa tafki, ɗaya ta ƙarƙashin katanga zuwa lambun Kaka. Ya haɗa allon cikin akwatin, ya tsara shi yadda kowace safiya ruwa zai fara zuwa lambu, sai lambun ya ƙoshi sannan tafki ya samu. A gwajin farko bawul ɗin ya juya a baibai, ruwa ya tafi inda ba a aike shi ba, na yi masa dariya har da riƙe ciki. Bai kula ni ba, ya laluba wani ɗan makunni a ƙarƙashin injin ya mayar da shi ɗaya gefen.

Da safe muka fito da Baba a kan gadonsa. Yaya ya durƙusa ya ɗora masa wayar salula da ya haɗa da akwatin a cinya, ya ce, "Baba, ga ƙofar tur'a. Kai ne gafir, buɗe." Baba ya dube shi, ya dubi wayar. Ya yi bisimilla a hankali, ya danna da babban yatsansa na hagu.

Sai muka ji wani ɗan gurnani. Hannun bawul ɗin ya fara juyawa da kansa, sannu a hankali, babu kowa kusa da shi. Wallahi, mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa da hannun dama, ga ƙarfe yana bin umarninsa. Bututu ya yi tari, ya yi shiru. Muna nan tsaye muna jira, sai muryar Kaka ta tashi daga bayan katanga: "La ilaha illallahu! Moya! Jama'a, ruwa ya zo!"

Baba bai yarda da ji kawai ba. Ya nuna ƙofa, dole muka ɗauki gadon muka zagaya da shi har lambun. Ya zauna yana kallon ruwa yana bin kunya ɗaya bayan ɗaya, ƙasa tana sha tana ƙamshi, har ya kai tushen kuɓewa na can ƙurya. Kaka tana ta sa albarka tana share ido da gefen mayafi. Sai na ga Baba ya kai hannu yana jan wuyan jallabiyarsa. Na ɗauka zafi yake ji. Inna ta ce, "Ku cire mishi, wanka shika so."

Yaya da ƙanin Baba suka saukar da shi cikin tafkin. Ya kama ƙarfen da hannun hagu, ruwa ya ɗauke shi. Suka sassauta riƙo kaɗan kaɗan, har suka janye hannuwansu. Baba yana tsaye. Na ga ƙafar nan da nake shafawa kamar itace ta ɗaga ta cikin ruwa, ta matsa gaba, ta sauka. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka, ban damu da wanda ke kallo ba.

Bai koma yadda yake da ba, amma kafin damina ta ƙare yana zuwa masallaci da sanda, da ƙafarsa. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in kana son ka taimaki mutum, kada ka tsaya ga ciwon da ke jikinsa, ka nemi abin da zuciyarsa ba za ta iya tsallakewa ba. Mu mun yi ta neman hanyar da za mu ceci ƙafar Baba a cikin gidanmu, ashe hanyar sai ta bi ta lambun maƙwabciya.