Ɗan Fari a Kan Ƙanƙara

Har yau ban manta da ranar da muka kai 'yan aji ɗaya da aji biyu wasan zamiya a kan ƙanƙara ba. Tunda ku sababbin malamai kun ishe ni da tambayar abin da ke kai ni kwata wajen mahauta duk lokacin da za a fita da yara, to ku zauna ku ji, ko kwa daina cewa Malama Hadiza ta cika ƙa'ida.

A lokacin ni ce mataimakiyar hedimasta a makarantarmu ta unguwar Hausawa a nan Fatakwal. Duk wata fita a wuyan mataimaki take: shi zai nemi izinin hedimasta, ya tara iyaye, ya samo mota, ya raba yara ga malamai, kuma in wani abu ya faru shi za a fara kira. Hutun Disamba ne. Wani katafaren kanti a cikin gari ya daskarar da daɓen ɗaki guda ya zama ƙanƙara, ana sa wa yara takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar bayan wuƙa, suna sulalawa. Yaranmu suka gani a waya, suka hana kowa sakat. Hedimasta ya ce in iyaye sun yarda, shi ba shi da ta cewa.

Akwai wani yaro a aji biyu, Sadiƙu, ɗan shekara bakwai. Sikila gare shi, ciwon nan na jini da sanyi ke tayarwa har yaro ya kasa taka ƙasa, wani lokacin ma a rasa shi. Ni ban sani ba, kuma babu malamin da ya sani. A zangon aka kawo shi daga ƙauye. Ɗan fari ne, tun da aka yaye shi yana hannun kakarsa, sai da ta rasu uban ya ɗauko shi. Ita ce ta san ciwon ciki da waje, ita ce kuma za ta iya faɗa a gaban kowa ba tare da jin nauyi ba.

Na tara iyaye a harabar makaranta bayan la'asar. Yawancinsu mahauta ne da dillalan shanu na kwatar Trans-Amadi. Na yi tambayar da nake yi kullum: akwai mai asma, ko farfaɗiya, ko wani ciwo da sanyi ke tayarwa? Wani ya ce 'yarsa na da asma, muka yarda za ta zauna a gida. Uban Sadiƙu, Malam Garba mahauci, yana zaune bayan yayansa da dattawan kwata, kansa a ƙasa. Alkunyar ɗan fari ce ta ɗaure masa baki. A ce ya miƙe a gaban manya ya nuna yana damuwa da ɗansa na fari, a wajensu wannan rashin ta ido ne. In ya hana yaron zuwa shi kaɗai kuma, sai an tambaye shi dalili.

Ranar tafiya da safe ya rako yaron da kansa, an jibga masa suwaita biyu, ga fulas na shayi. Bayan mun gaisa ya ce, yana kallon motar, "Malama, ɗalibin nan naki ba ya son sanyi."

Na ce, "Malam Garba, wa ke so?" Kowace uwa ta naɗo ɗanta ranar kamar za a tafi Jos, ban ga abin da ya bambanta maganarsa da ta sauran ba.

A can tsarin ba shi da wuya. Ana shiga rukuni-rukuni, kowane malami da yaransa, ga ma'aikatan wurin biyu a kan ƙanƙara suna tayar da wanda ya faɗi. Ni ina bakin ƙofar filin, daga bayan gilashi, ina lura da masu shiga da masu fita. Yara kuwa sai faɗuwa suke kamar buhunan albasa, suna tashi suna dariya. Sadiƙu ya tuɓe suwaita ɗaya tun a mota saboda zufa. Ya fi kowa naci, ya kuma fi kowa faɗuwa, kafin a jima wandonsa ya jiƙe sharkaf.

Ana cikin haka sai na ga mutum a gefena da dogon takalmin roba da rigar aiki duk jini ya bushe a jiki. Malam Garba ne. Daga baya na ji cewa wani mai kai nama gidan abincin kantin ne ya gaya masa sanyin ɗakin nan bai da maraba da na ɗakin da suke ajiye nama. Shi da ya ɗauka irin sanyin banki ne. Ya ajiye wuƙa a kan teburi ya tari keke napep.

Amma da ya iso, gaisuwa ya fara. Ina wuni, ya aiki, ya yara, ya gajiyar hanya, duk bai tsallake ko ɗaya ba, idonsa na cikin gilashi.

Na ce, "Lafiya dai, Malam Garba?"

Ya ce, "Lafiya lau. Wucewa nake yi." Ya sake leƙa gilashin. "Ba a kusa gamawa ba?"

Na ce da saura kaɗan. Daga kwata zuwa kantin nan ba hanyar wucewar kowa ba ce, na fara jin wani abu a raina. Na buɗe baki zan sake tambayarsa ke nan, sai Sadiƙu ya zauna a tsakiyar fili. Ba faɗuwa ya yi ba. Zama ya yi a hankali, ya rungume ƙafafunsa, ya buɗe baki, kukan ma ya ƙi fita.

Uban ya yi cikin filin a guje, mai gadin ƙofa ya tare shi yana cewa, "Oga, you no fit enter!" Malam Garba ko kallonsa bai yi ba. Taku biyu ya yi santsi ya kwashe shi, ya bugu da ƙugu. Bai tsaya neman miƙewa ba, da rarrafe ya ƙarasa, yana kiran "Sadiƙu, Sadiƙu," a gaban yara da malamai da baƙi. Ku da kuka tashi a nan ba lallai ku gane ba. Irin su Malam Garba ba sa kama sunan ɗan fari har su mutu. Sai dai "yaron nan" ko "wancan". Ya cire masa jiƙaƙƙen wandon, ya cusa yaron cikin rigarsa a jikin fatarsa, ma'aikatan suka jawo su zuwa bakin fili.

A nan ya ce mini, "Malama, sikila ne."

Tsoro ya kama ni ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma aiki aiki ne. Na damƙa sauran yara ga malamai biyu, na kira hedimasta, na sa direbanmu ya kai mu asibiti. A hanya muna ɗura wa yaron shayin fulas ɗin nan. An kwantar da shi, aka yi ƙarin ruwa, daga baya har da jini. Likitar ta ce da an ƙara jimawa a ɗakin, da labarin ya sha bamban.

Kwamitin iyaye ya zauna a kan maganar. Wasu suka ce laifin makaranta ne, wasu suka ce na uban. Yayansa ya rantse shi bai taɓa sanin sunan ciwon ba, ya dai san yaron ba shi da ƙwari. Malam Garba ya ce kada a taɓa Malama, ta tambaya, shi ne bai amsa ba. Aka bar ni a kan aikina.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, tambaya a taro ba tambaya ba ce. Mutanenmu ba ƙarya suke yi ba, akwai dai maganar da ba ta fita a gaban yaya ko suruki. Shi ya sa nake zuwa kwata in sami kowane uba shi kaɗai a teburinsa, in shiga gida in sami uwa a kicin. In ɗan fari ne, ba na cewa "ɗanka", sai in ce "ɗalibina", in kuma nemi gwaggo ko kaka in da ita. Yana cin lokaci, takalmina kuma ba ya dawowa da tsabta.

Sadiƙu ya warke, ƙanƙara kuwa shi da ita har abada. Ranar da za a sallame shi na je dubiya, na shirya jin ƙorafin an katse masa wasa. Uban ya fita karɓo magani. Yaron ya bi ƙofar da kallo har ya tabbata ya yi nisa, sannan ya jawo hijabina ya ce a hankali, "Malama, ashe Baba ya san sunana."