Zare da Buhunan Mbah Tukijan

Gaggawa mugun hali ce, ta kuma fi muni a hannun wanda zai ɗora rayukan iyalinsa a kan taya.

Kowa a garin Wonosobo ya san garejin Mbah Tukijan, wato Kaka Tukijan. Da sassafe yakan share ƙasa, ya sha baƙin kofi, ya shige ƙarƙashin tsohuwar motar wani. Aikinsa daidaita ƙafafun baya na motocin nan da suka girmi masu su. Ba ya ɗaukar sifana sai ya tambaya, "Wa da wa za su zauna a baya?" Sai ya jibga buhunan shinkafa daidai nauyinsu a kujerar, ya ja zare daga tayar gaba zuwa ta baya, ya auna, ya ɗaure, ya girgiza motar, ya sake aunawa.

Jajiberin ƙaramar sallar bara, Bagyo mai shagon yadi ya zo ɗaukar motar da ya gada wurin mahaifinsa, zai kai iyali ƙauye a bayan dutse.

"Mbah, mota na kawo ko rumbu? Sauke shinkafar nan."

"Ƙafar hagu na gama, ta dama ba ta zauna ba. Bari sai gobe."

"Gobe? In na biye maka sai babbar sallah!"

"Malam Bagyo, hanyar nan kwana ce kan kwana, ga hadari ya haɗu. Gindinta zai ƙwace maka."

Bagyo ya watsar da buhunan, ya ja mota.

Tsohon ya tsaya yana duban su a ƙasa. Babba ɗaya nauyin matar Bagyo, ƙanana biyu nauyin 'ya'yansa mata. Ya hau keke, da gwiwarsa mai ciwo, ya iske matar, Warsini, tana ɗaure abincin sallah a tsakar gida.

"'Yata, ban taɓa shiga tsakanin miji da mata ba. Amma kada ku shiga motar nan."

"Mbah, zai yi fushi."

"Ya yi mana! Zai huce."

Ta ja yaranta suka bi bas. Bagyo ya tafi shi kaɗai yana bambami. Mbah ya koma gareji ya kasa zama, babur ya wuce ya leƙa, wani ya wuce ya leƙa. Kafin la'asar labari ya iso: a wata kwana mai santsi gindin motar ya juya, ta gangara cikin fadamar shinkafa.

Kai ne mai zare, Mbah Tukijan, wanda ba a sa shi sauri. Ga shi idonka ya fara dushewa, ka ce bana za ka rufe gareji, kuma har yau babu wanda ya zauna ya koya. Wannan ke hana mu sukuni. Wa zai tambaye mu wa da wa ke baya? Mun gode, Allah Ya saka. Ku kuma samari, ku je ku karɓi zaren nan tun hannun da ke riƙe da shi bai saki ba.

Shi kuwa Bagyo, ga abin da gaggawa ta ci masa: motar ubansa, haƙora biyu, da sallar da ya yi a gadon asibiti. Ƙananan buhunan nan biyu kuwa, wato 'ya'yansa mata, jiya suka wuce ta ƙofar gareji za su makaranta.