Baka Biyu da Kiran Inna

A shekarar da na koma gidanmu na Tudun Wada, na yi wa kwamfutata tarbiyyar da ni kaina ban samu ba. Akwai fayil ɗin da ke tsara tagogin allo, wacce za ta zauna dama, wacce hagu. A ciki na rubuta doka: idan lokacin salla ya yi kuma tagar ƙwallo ce ko ta kiran bidiyo, a rufe ta. Na yi ta jin kaina kamar wani waliyyi.

Kowace Juma'a Inna kan shigo ɗakina ta ce, "Kira min wancan, mu ji lafiyar yara." Wancan shi ne Yayana da ke aiki a kudu. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, balle ta ce tana kewarsa. Idonta ya yi rauni, sai a babban allo take gane fuska.

Muna danna kira, tagar sai ta ɓace. Na zagi sabis, na zagi masu sabis. Inna kuwa sai ta gyara mayafi ta ce, "Ƙyale shi, ya kashe ne."

Wata rana na zauna na karanta dokar yadda na'ura ke karanta ta. Ashe ita tana fara ƙulla "kuma" kafin ta waiwayi "ko". Ƙwallo sai lokacin salla take rufewa, kiran bidiyo kuwa ko yaushe. Wato ni ina kallon ƙwallona lafiya lau, tsohuwa ce ke shan ustazancina.

Na sa baka biyu na haɗa ƙwallo da kira a ciki, shi ke nan gyaran. Na ruga na ce, "Inna, ba Yaya ba ne, na'urata ce!"

"To wa ya tambaye ka?" in ji ta. Amma ranar Juma'a ta shigo da sabon ɗankwali, har da kwalli.

Na danna kira. Tagar ta zauna daram. Ta yi ta ƙara har ta gaji. Na sake dannawa, babu wanda ya ɗauka. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Inna ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Anya ka gyara ta da kyau kuwa?"

Na ce mata a'a, da saura.