Bazarar da Ba a Kwaikwayi Maigidana Ba

Ran nan akwai ni, da uwar mijina, da wansa, da mai unguwa, da samarin garinmu Kaikai masu wasan kwaikwayo. Bazara ce, zamanin da Turawa suka kwashi maza zuwa haƙar kuza. Maigidana na cikinsu, kuma labarinsa ya yanke.

Samarin kan kwaikwayi magidanta a dandali. Ko bayan tafiyarsa ba su ƙyale shi ba, wani kan fito yana ɗingishi yana yi wa jaki faɗa kamar yadda yake yi, a yi ta dariya. Amma a garinmu ba a kwaikwayon mamaci.

Ina bayan darni ina kallo. Aka yi mahauci, aka yi wanzami, har mai unguwa aka yi a gabansa. Aka tashi ba a yi mai jaki ba.

Na tari wansa a hanya. "Yaya, me kuka ji?"

Ya sunkuyar da kai. "Wani ya dawo daga can, da shi aka yi wa mijinki jana'iza. Tsohuwa muke tausayi."

"Samari sun sani, ni ban sani ba?"

Da safe na gaya wa tsohuwar da bakina, na tsefe kaina, na shiga takaba.