Rub-da-ciki

A asibitinmu Uwar Jarirai muke ce mata. Ungozoma ce, gajeriya, mai faɗan tsiya, kuma rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Duk maijegon da za ta sallama sai ta ja mata kunne: "Ki kwantar da shi rub-da-ciki, kar ya yi tumbuɗi ya shaƙe." Haka aka koya mata tun tana budurwa, haka ta yi ta koyarwa har furfura ta cika mata kai.

Kwamfutar da aka ajiye mana a ɗakin sallama kuwa, ba sa ga-maciji da juna. Aikin na'urar shi ne ta fito mana da abin da bincike ya tabbatar daidai lokacin da muke duba mara lafiya. Ni ƙaramar nas ce mai dannawa, ita ce mai harara. Akwatin gulma take kiranta.

Wata rana da azahar ina shigar da bayanan wani jariri, sai gargaɗi ya fito da jan rubutu. Na karanta mata: a riƙa kwantar da jariri rigingine, domin bincike a kan dubban yara ya nuna rub-da-ciki yana ƙara haɗarin mutuwar farat-ɗaya cikin barci.

Na shirya shan masifa, sai na ji ta matso kusa da ni.

"'Yar nan, sake karanta mini."

Ina cikin karantawa na tuna 'yarta ta haihu kwanan nan, kuma yanzu ne lokacin barcin yaron. Uwar Jarirai ta kira 'yar a waya, ba a ɗauka ba. Ta sake kira, shiru. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba sai ranar.

Muka tari mota zuwa gidan 'yar. Har muka isa, ban da salati babu abin da ya fito daga bakinta.

Muka sami jaririn a kan gado, fuska cikin katifa, ko motsi babu. Ta miƙa hannu, ta kasa taɓa shi. Ni na juya shi. Ya yamutsa fuska, ya tsala ihu.

'Yar ta fito daga wanka a guje. "Mama, lafiya? Ai yadda kika ce nake kwantar da shi. Har maƙwabciyata mai tagwaye na koya wa."

Uwar Jarirai ta dafa bango. "Wace ƙofa ce tata?"

Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.