Ranar da Daddawar Umma Ta Tashi Sama

Bari in fara da amsa laifina: ni ne na harba daddawar Umma daga hawa na uku.

An sa mana gasar kimiyya a makaranta. Ni kuwa lokacin babu abin da nake kallo a waya sai manyan jiragen ruwan yaƙi, waɗanda jiragen sama ke tashi daga kansu. Filin gajere ne, don haka akwai wata na'ura a ƙarƙashin daɓen da ke fizgar jirgi ta cilla shi kamar dutse a danƙo. Na rantse sai na ƙera irinta. Na samo katako, na ciro ƙarfen labulen ɗakina, na haɗa da danƙon motsa jiki da Abba ya yi amfani da shi sau ɗaya a tarihin duniya. Jirgin na kwali ne da soso, sati uku ina manna shi.

Abba yana digiri na uku a fannin injiniya, shi ya kawo mu Cheras, wata unguwa a ƙasar waje. Da ya ga zan ɗora jirgin, sai ya riƙe hannuna.

"Tsaya, malam. Masu abin ba sa fara gwaji da jirgi. Kurar ƙarfe mai taya suke samu, mai nauyin jirgin daidai, su cilla ta ruwa. Su auna gudu, su gyara, su sake. Sai na'ura ta gamsar da su sannan a ba ta jirgi da mutum a ciki."

Abu ɗaya na riƙe: nauyi daidai. Ranar Asabar, Abba yana jami'a, Umma tana sallar la'asar, na ɗauko sikelin kicin na auna duk abin da ke gidan. Albasa ba ta kai ba. Takalmin Abba kuwa zai nutsar da jirgin ruwan gaske. Sai wani gwangwanin madara a ƙuryar firji ya yi cif, kamar don ni aka yi shi. Na san abin da ke ciki. Duk mai hanci a Cheras ya sani.

Na kafa na'urata a baranda, na jingina katifa a gaba don ta tare. Na ja danƙo iya ƙarfina, na saki. Gwangwani ya tsallake katifa, ya tsallake ƙarfen baranda, ya gaisa da shanyar maƙwabciyarmu, ya faɗa babban kwalbatin bayan gida da ruwan sama ya cika. Sai da na yi tsallen murna sau biyu kafin na tuna.

Da Umma ta yi faɗa, da na ji sauƙi. Tsayawa kawai ta yi a gaban firji.

"Babana," haka take kirana don sunan mahaifinta gare ni, "duk gidan nan ba ka ga abin jifa ba sai wannan?"

"Umma, nauyinsa ne ya yi daidai."

"Nauyinsa," ta ce, ta rufe firji a hankali.

Kakata ce ta aiko da daddawar daga Kano, a ƙulle cikin leda biyar, kuma washegari matan abokan Abba za su zo cin tuwo da miyar kuka da Umma ta daɗe da yi musu alkawari. Sai a lokacin na tuna sau nawa na gan ta ta buɗe gwangwanin nan ba tana girki ba, ta sansana kawai ta mayar. Ni a nan na girma, a wurina wari ne. Ban taɓa tambayar me take ji a ciki ba.

Da Abba ya dawo ya ji labari, bakinsa ya suɓuce: "Har kwalbati? Daga nan?" Umma ta kalle shi, ya gyara murya.

"Ka san me ya sa suke cilla kura? Don ko ta lalace babu mai kuka. Kuma su tsamo tasu suke yi. Kai ina taka?"

Tawa ta kama hanyar teku.

Na daɗe ina juya maganar. Na tsare jirgina saboda na san wahalar da na sha a kansa. Na Umma kuwa sikeli kawai na tambaya.

Da safe na je kedai, ɗan shagon ƙasan bene, na sayo mata belacan, daddawar mutanen nan ta jatan lande. Ta karɓa, ta sansana, ta yamutsa fuska, amma ta saka. Baƙi suka cinye tuwo. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Hajiya, miya ta yi daɗi, sai dai kamar ta je iyo ta dawo." Kowa ya yi dariya, har Umma, kaɗan.

Sauran gwajin da safa cike da yashi na yi shi, a ƙasa, har na rage wa danƙon ƙarfi. Jirgin ya tashi lafiya, na zo na uku. Daddawa ba ta sake shiga gidanmu ba sai bayan wata huɗu.