Jar Motar Mai Kujera Biyu

Duk unguwarmu an yi wa abin nan fassarar da ba ita ba ce. Mata suka ce wai na daina yi wa ƙanwata magana ne don mai jar motar ya fi sakar mata fuska. Har Inna ta yarda, ta ja ni ɗaki tana lallashina, wai in kwantar da hankali, nawa mijin na nan tafe. Ni me zan yi da mutumin nan? Ɗan canji ne a Ɗan Issa, in zai shiga motar tasa sai ya cire hula, ya fara tura tumbi, sannan ya bi shi a baya. Ko sunana bai sani ba, ni ma ban nemi ya sani ba. Kujera ce ta haɗa ni faɗa da ƙanwar tawa, Auta.

Babanmu na da gareji a bakin hanyar da ke fita Maradi. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba ya mayar wa mutum mota sai ya hau kwalta da ita da kansa, ko da fitila kawai ya canza mata. Tun ina shekarar farko a kwaleji idonsa ya fara ba shi matsala. Akuya in za ta tsallaka hanya yana hango ta tun daga nesa, amma alluran tablo, allon nan na bayan sitiyari da ke gaban hancinsa, dishi-dishi yake ganinsu. Gilashin ido kuwa ya ƙi, wai jiri yake sa shi. Sai ya zamana ni ce mai karanta masa. In na taso daga lakwal in jefar da jakar littattafai, in shige gefensa.

"Uwata, gudu nawa?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Sittin, Baba."

"Ta injin fa?"

"Ta kusa uku."

Sai ya gyaɗa kai ya karkata kunne wajen injin. A haka na san motocin rabin garin nan, daga akwalar da ke jigilar kifin tafki zuwa ta masu kai tumatir kasuwa. A filin bayan garejin na koyi tuƙi, ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, kallon ƙafafunsa kawai na yi shekara da shekaru. Da na ci birbe, jarrabawar gama kwaleji, na ajiye karatu. Ban yi baƙin ciki ba. A ganina ina da wurina.

Auta kuwa ko ƙamshin mai ba ta so muna yara. In Baba ya shigo gida da baƙin hannu, toshe hanci take yi. Ita ce kuma aka wayi gari ta ce za ta makarantar koyon sana'a a Maradi, ɓangaren wutar mota. Na yi dariya har da hawaye. Ta tafi, ta zauna gidan gwaggonmu, ta dawo da rigar aiki shuɗiya, da wani ɗan akwati da suke kira walis wanda ake jona wa mota ya faɗi ciwonta, da kuma permi, takardar izinin tuƙi. Permin nan ban ma ɗauke shi a bakin komai ba lokacin.

Ana cikin haka jar motar ta zo. Daga Kwatano aka kawo wa ɗan canjin ita. Gajera ce ƙwarai, kamar an danne ta da tafin hannu, hancinta dogo, kujerunta biyu rak. Kafin ta iso wurinmu wani ya riga ya sa mata tayoyi masu tsawo, don duk tudun rage gudu da ta hau sai ta kankare cikinta. Mai ita ya fito yana huci.

"Malam, motar ga tari take. In na taka ta da kyau, ta ɗauki kuka mai daɗi, sai ta shiga kakari kamar an shaƙe ta. Man kwalbar can ne na Ɗan Issa, na rantse sun haɗa shi da kananzir."

Baba bai yi musu ba, don ko wace mota ta yi tari a ƙasar nan, man kwalba ake fara zargi, kuma yawanci ba a zalunce shi ba. Aka zubar da tankin kaf. Aka canza buji masu ba injin wuta, aka canza matatar mai, aka aika Maradi aka sayo mai daga gidan mai na gaske a jarka. Mai motar har ya je ya yi wa mai sayar masa da man tas a gaban jama'a. Ya ɗauki motar, bai kai ga fita gari ba ya juyo. Tarin na nan.

Ni duk kwanakin nan ina zagaya ta. Na goge mata tablo da gefen gyalena. Allurar gudunta ta kai lambobin da ban taɓa gani a jikin mota ba, ta injin kuma ga ta ƙatuwa a tsakiya, da jan fenti a ƙarshenta. Na riga na gama tsara yadda zan karanta wa Baba su.

Sai Auta ta ce a bar ta ta jona walis. Ta durƙusa a ƙarƙashin sitiyari, ta danna nan ta danna can, ta ɗago.

"Baba, lafiyarta lau. Alhaji, a wane bitas kake, wace giya ke nan, in ta fara?"

"Na biyu mana. Nan ta fi kuka."

"To shi ke nan. In allurar nan ta taɓa ja, motar da kanta take yanke mai don kada injin ya fashe. Haka aka ƙera ta. So take ka sa na uku."

Mutumin ya ce, "Wato mota ce za ta hana ni taka abina?"

"Ita ta fi ka tsoron asara, Alhaji."

Ya fashe da dariya, Baba ma ya yi. Ni ban yi ba. Na san jan fentin nan tun ina yarinya, na san ba a son allura ta kai shi. Abin da ban sani ba shi ne akwai motar da ke tsare kanta. Kuma na tsani yadda Baba ya kalle ta. Ni ban taɓa samun wannan kallon ba, sai dai gyaɗa kai.

Ba ta tsaya nan ba. Ta zagaya ta duba tayoyin, ta ce ai allurar gudun ma ƙarya take yi yanzu. Taya mai tsawo tana cin ƙasa da yawa a juyi ɗaya, motar kuwa har yanzu lissafin gajerun tayoyinta take yi, don haka in ta nuna tamanin, gudun ya wuce haka. Sai an gaya wa ƙwaƙwalwar motar sabon girman, sannan a hau hanya a gwada allurar da abin auna gudu na cikin salula.

A hau hanya. Na riga na kama murfin ƙofar dama.

"Uwata, yau bari ƙanwarki ta shiga. Ita ta san abin."

Na saki. Kujera biyu ce, ba bayan da zan lallaɓa in zauna. Auta ta saka wa motar sabon girman tayoyin, na tsaya a inuwar bishiyar bedi ina kallo suka fita, ita da walis a cinya, a wurin da ni na lotsar da kujerun motoci ɗari da zamana. Masu shayi na gefen garejin suna kallona, na ji ɗaya ya ce, "Yau an sauke mai karatu." Na ce masa ya ji da butarsa.

Ba su daɗe ba suka dawo, aikin bai yi ba. Gwajin na son direba ya riƙe allura cak a lamba ɗaya, shi kuwa Baba ba ya ganinta, ita kuma ba za ta iya duba salula da tablo a lokaci guda ba. Baba ya fito yana murza ido. Ya ce sai dai wani mai ido ya tuƙa.

Ban jira ya rufe baki ba. "Ni zan ja ta."

"Permi fa?"

"Baba, ka san na iya."

"Na san kin iya. Jandarma bai sani ba. Motar mutane ce, kuma wadda ake hangowa tun daga garin Sarkin Yamma." Ya miƙa wa Auta makulli. "Ke ja. Yayarki ta riƙe miki salula."

Haka na samu kujerar tawa, a gefen yarinyar da na goya, wadda na wanke wa kashi. Ta gyara madubi, ta matso da kujera gaba, duk a natse kamar ta shekara tana yi. Muka wuce lambunan bakin tafki, muka wuce masu shanya kifi, hanya ta buɗe.

"Yaya, na tsaya a sittin. Mi salula ta ce?"

"Sittin da ɗaya."

"Yanzu tamanin."

"Tamanin da ɗaya. Ya yi, mu koma."

"Saurin mi kike? Ba ki son jin tarin Alhaji?"

Ta rage gudu, ta mayar da ita bitas na biyu, ta taka. Wani abu ya manna bayana da kujera. Kukan injin ya yi ta hawa, allurar tsakiya ta tashi kamar an zabure ta, ta doki ja, motar ta shiga kakarin nan. Auta ta ja bitas zuwa na uku, tarin ya ɗauke, gonakin gero suka zama zare a gefen idona. Na juya na kalle ta. Ba ma dariya take ba, leɓe ta cije, idonta a hanya, hannunta a sake bisa sitiyari. A duniya ban taɓa son zama wani mutum ba kamar yadda na so zama ita a wannan lokacin. Kuma na ji haushin cewa ta iya. Da ta yi kuskure ko ɗaya, da bitas ya yi mata ƙara, da na samu abin riƙewa. Ko ɗaya ba ta yi ba.

Can gaba inda ba kowa ta gangara gefe ta tsaya.

"Zo ki ja kaɗan. Ba mai gani, ba zan faɗa ba."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani. Shi ya sa ya fi ciwo. Ta zama mai ba ni aron sitiyari a ɓoye, kamar yadda ake ba yaro lasar cokali.

"Ja mu tafi, rana na yi."

"Yaya, don Allah."

"Na ce ja mu tafi."

Da yamma ɗan canjin ya zo ɗaukar motarsa, ya kawo wa Auta turmin atamfa, yana ta kiranta injiniya. Ina zaune bisa tsohuwar taya fuskata a haɗe, matan da ke dawowa daga famfo suka gani, daga nan labarin miji ya tashi. Na bar su da shi, ya fi mini sauƙi a kan in tsaya ina bayani.

Tun daga ranar, in mota mai ƙwaƙwalwa ta zo, Auta ce ke fita da ita. In akwala ce, Baba ya leƙo ya kira ni, in je in karanta masa. Yana ganin ya raba daidai. Akwalolin kuwa kullum raguwa suke, ko masu kifi sun fara sayen motocin da sai an jona musu walis. Na ga inda abin ya dosa, ba sai an zana mini ba.

Na kira gwaggo na ce ta share mini ɗakin da Auta ta zauna. Ta tambaye ni ko faɗa muka yi, na ce permi zan yi, in na gama kuma in shiga makarantar da ta yi, ko da a ce ni ce babba a ajin. Ban gaya wa Baba ba tukuna, gobe in mun fita gwajin motar mai tumatir zan faɗa masa, yana tuƙi, don kada ya samu damar kallona. Ranar kasuwa zan bi motar Maradi.